Aika Kaya Legas ta Jirgin Sama daga Kano: Saurin Yana Sama, Jinkirin Yana Ƙasa

Idan kayanka masu saurin lalacewa ne, ba su da nauyi sosai, kuma suna da daraja, aika su Legas ta jirgin sama daga Kano yana biyan kuɗinsa. Idan kuwa buhunan hatsi ne, ko kaya masu cin wuri, ka riƙe kuɗinka ka nemi babbar mota.

A Dutse nake zaune. Ina sayar da ɗanyen dabino idan lokacinsa ya yi, da kilishi da yaji, wani lokaci da faifai da kwanduna, kuma yawancin masu sayena suna Legas, musamman 'yan uwanmu na Agege da Idi-Araba. Da a mota nake aikawa. Tsakanin Kano da Legas tafiyar kilomita kusan 1,000 ce, kuma kaya kan kwana biyu ko uku a hanya idan ba a samu matsala ba. Kilishi yana jurewa. Ɗanyen dabino ba ya jurewa, sai ya isa ya yi laushi ya fara tsami. Shi ya sa na koma wajen wani ejan mai ofis kusa da filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda ke karɓar kaya ya saka su a jiragen fasinja masu zuwa Legas.

Abin da ya fi burge ni shi ne, ranar da komai ya tafi daidai, kayan da na miƙa da hantsi kafin isha suna hannun mai su. Tafiyar jirgin kanta kamar awa ɗaya da rabi ce. Ana buɗe kowane kwali a gabanka, a duba, a auna, a naɗe shi da leda, a manna masa lamba, a ba ka takardar kaya mai ɗauke da sunan mai karɓa. Da takardar da katin shaida mai karɓa zai je ya ɗauka a Ikeja. Ban taɓa rasa kwali ba, ban kuma taɓa samun wanda aka farke aka rage ba. Duk wanda ya saba da aike a tasha ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wajen lissafin kuɗi ne mutum zai buɗe ido. Ba sikeli kaɗai ake bi ba. Ana sa tef a auna tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa da santimita, a ninka su, a raba da 6,000, sai a kwatanta abin da ya fito da ainihin nauyin kwalin, wanda ya fi yawa shi za ka biya. Kwali mai 60 da 50 da 40, ko da faifai ne a ciki da bai kai kilo goma ba, kuɗin kilo 20 za a caje ka. Da na yi ƙorafi, ejan ɗin ya ce da ni, "Hajiya, ai jirgi wuri yake sayarwa." Gaskiya ya faɗa. Tun daga nan faifai da kwanduna suka koma mota, dabino da kilishi suka zauna a jirgi.

Inda aikin ya gaza shi ne kafin kaya su hau. Tunda a cikin jirgin fasinja ake saka su, jakunkunan matafiya ne ke da fifiko. Idan jirgi ya cika, ko aka ɗage tashinsa, kayanka sai su kwana. Ya faru da ni da dabino a tsakiyar zafi. Ofishin ejan ba shi da ɗakin sanyi, fanka ce kawai, kwalayen suna jibge kusa da ƙofa rana tana dukansu. Ba wanda ya kira ni, sai da mai karɓa ya gaji da jira a Legas ya bugo min. Da kayan suka isa washegari, na ƙasan kwalin sun jiƙe sun manne da juna, dole na rage masa kuɗi. Ban samu diyyar ko sisi ba, domin a bayan takardar an rubuta da ƙananan haruffa cewa kaya masu lalacewa suna wuyan mai su. Ku karanta bayan takardar nan kafin ku sa hannu.

Akwai kuma abin da ke ci min rai duk lokacin da na ɗauko hanya. Muna da filin jirgi a Dutse, an buɗe shi tun 2014, mai kyau kuwa. Amma jiragen da ke sauka ba su da yawan da ɗan kasuwa zai dogara da su, don haka sai na yi asubanci na ɗora kaya a mota zuwa Kano. An buɗe na ɗaukar kaya a Lafiya a 2022, an buɗe wani a Damaturu a 2023. Na fahimci gwamnan da ke son jiharsa ta samu nata, kuma alhazai suna jin daɗin tashi daga gida. Sai dai jirgin kaya ba ya zuwa don an shimfiɗa masa titi. Yana zuwa ne inda ya tabbata zai cika cikinsa, yau da gobe da jibi. Kayan Jigawa kaɗai ba za su cika shi kullum ba, haka na Yobe, haka na Katsina. Idan aka tara su wuri guda, za su cika.

Wurin nan kuwa ba sai an nema ba. Tun a 1925 jirgin sama ya sauka a Kano, kasuwar Dawanau tana nan, masu jima suna Sharaɗa da Challawa, tashar kwantenoni ta tsandauri ta Dala tana Zawaciki tun 2023, kuma jiragen ƙasashen waje suna sauka. Habasha haka ta yi: furannin gonakinta a motoci masu sanyi ake kai su filin jirgin Bole na Addis Ababa, daga can su wuce Turai. Da kuɗin da ake kashewa wajen kula da filayen da ba sa samun jirage za a karkatar da wani kaso a sayi motoci masu sanyi da za su riƙa kwaso kaya daga Dutse da Haɗeja da Azare kowace safiya, a gina babban ɗakin sanyi mai tsayayyiyar wuta, a samu jirgin kaya mai tsayayyen lokaci, da irina sun ninka abin da suke aikawa. Riɗi da zoɓorodo ba su da buƙatar jirgin sama, nasu kwantena ce da layin dogo, shi ya sa nake sa ido kan layin Kano zuwa Maraɗi da reshensa da zai zo Dutse.

Ga mai son gwadawa: kai kaya da sassafe don su samu jirgin farko, ka huhhuda kwalin dabino ya sha iska, ka guji ranar Juma'a da jajibirin Sallah saboda cikar jirage, kuma kada ka bar ofishin sai ka karɓi lambar wayar wanda zai tabbatar maka kayan sun tashi. Zan ci gaba da aikawa ta jirgi, amma dabino ba na miƙa shi yanzu sai ejan ya tabbatar min akwai wuri a jirgin ranar.