Man dizal da zaɓen hanya ga mai jan babbar tirelar gida a Amurka: wane gidan mai, wane kati, wace taswira?

Tirelar gida da Amurkawa ke kira fifth wheel ita ce wadda ake ɗora wuyanta a kan farantin ƙarfe a cikin bodin a-kori-kura, daidai saman tayoyin baya, irin haɗin da ake yi wa manyan tireloli. Manyan cikinsu suna kai ƙafa 40 a tsawo, kuma idan an haɗa da motar da ke jan su, abin da direba yake tuƙawa yakan doshi ƙafa 60, tsayinsa daga ƙasa kuwa ya wuce ƙafa 13. Tankin irin waɗannan motoci yana ɗaukar galan 30 zuwa 50, kuma da kaya a baya galan ɗaya ba ya cika wuce mil 8 zuwa 11. Wanda tankinsa ke cin galan 34, idan yana son ya bar kwata a ciki saboda tsaro, tsakanin mil 200 da 280 zai sake neman famfo. Saboda haka maganar mai da maganar hanya abu ɗaya ne, kuma duk abin da mutum zai saya domin wannan tafiya, kati ne ko manhaja ko na'ura, da wannan lissafi ya kamata ya auna shi.

Ma'aunina na farko a kan kowane gidan mai shi ne mafita. Shiga ba ta da wuya, domin kusan kowane gidan mai yana da ƙofa mai faɗi a bakin titi. Abin tambaya shi ne ko akwai inda za a bi a fita ba tare da ribas ba. Akwai ranar da wani allo a bakin babbar hanya ya nuna cewa ana sayar da dizal a wani ƙaramin gidan mai, da na shiga sai na tarar famfunan sun fuskanci shagon kai tsaye, ga motoci jere a gabansa, bayan ginin kuma an toshe shi da kwandon shara na ƙarfe. Sai da aka tsayar da motocin kan titi, matata tana tsaye a baya tana ba ni hannu, kafin na samu na ja da baya. Tun daga lokacin farashi ya koma na uku a wurina, bayan mafita da tsayin rumfa.

Da wannan ma'auni, layin manyan motoci a tashoshin da aka gina domin direbobin tirela shi ne zaɓina, kuma ban ga abin da ya kama ƙafarsa ba. Manyan kamfanoni uku ne suka mamaye wannan harka: Love's, wanda aka kafa a jihar Oklahoma a 1964 kuma yake da tashoshi sama da 600; Pilot da Flying J, waɗanda kamfani ɗaya ne mai hedikwata a Knoxville ta jihar Tennessee; sai TA da Petro, waɗanda BP ya saya a 2023. Layinsu miƙaƙƙe ne, a shiga ta baya a fita ta gaba, rumfarsu an yi ta ne domin motar da ta kai ƙafa 13 da inci 6, kuma a mafi yawansu akwai famfon ruwan DEF, ruwan da injin dizal na zamani ke amfani da shi wajen tace hayaƙi, a gefen na dizal, wanda ya fi na jarka araha. Man nasu ba ya kwana a tanki saboda yawan ciniki, kuma wannan babban abu ne ga injin zamani da ba ya jure ruwa ko datti.

Amma layin yana da ladabinsa, kuma ya kamata baƙo ya san shi kafin ya shiga. Bakin famfon ya fi na ƙananan motoci kauri, man kuma da ƙarfi yake zuwa, don haka a tabbatar tun a gida cewa wuyan tankin motar zai karɓe shi, sannan a riƙa zubawa a hankali kada kumfa ta maido da man waje. Allon famfon zai tambaya ko man na kan mota ne ko na injin sanyaya kaya. Na kan mota ake zaɓa. Sau da yawa katin banki na yau da kullum ba ya aiki a waɗannan famfuna, sai mutum ya shiga ciki ya faɗi lambar famfo a buɗe masa. Da zarar an gama zubawa, a matsa gaba zuwa layin da aka ja a ƙasa kafin a je karɓar rasit ko shiga banɗaki. Direban da ke baya dokar tarayya ta ƙayyade masa awa 11 na tuƙi a cikin awa 14 na aiki, kowane minti da aka ɓata masa daga abincinsa aka cire, kuma bai dace mai yawon buɗe ido ya tsare masa layi yana sayen shayi ba.

Aibin waɗannan tashoshi ɗaya ne: farashin da ke kan allonsu yakan fi na cikin gari tsada, domin manyan kamfanonin sufuri ba sa biyan wannan farashi, suna da nasu ciniki na sari. A nan ne katin Open Roads ya shigo, kuma shi nake ba kowa shawara ya fara nema. Asalinsa na wani kamfanin sufuri ne a Texarkana ta jihar Texas mai suna TSD Logistics, wanda ya buɗe wa masu tirelar gida ƙofa su shiga cikin rangwamen da yake samu. Ba a biyan kuɗin rajista ko na shekara. Ana haɗa katin da asusun banki, a saka shi a famfon layin manyan motoci ba sai an shiga ciki ba, daga baya a cire kuɗin man a farashin sari, kamfanin kuma ya ɗauki kashi 10 cikin 100 na abin da aka rage wa mutum. Manhajarsa tana nuna farashin kowace tasha bayan rangwame, don haka tun da dare mutum zai iya sanin inda zai tsaya gobe da abin da zai biya. Rangwamen katin na dizal ne kaɗai, kuma a layin manyan motoci ake amfani da shi. Rangwamen yana hawa yana sauka daga tasha zuwa tasha, wani wurin ya yi kauri, wani wurin kusan babu, shi ya sa duba manhajar kafin tashi ya zama wajibi. Tun da kai tsaye katin yake cirar kuɗi, hikima ita ce a buɗe masa asusu na daban a riƙa saka kuɗin tafiya kawai a ciki.

Mudflap shi ne na biyu, kuma yana da kyau a ajiye shi a waya saboda wuraren da katin farko bai kai ba. Manhaja ce da ke ba da lamba, a nuna wa mai karɓar kuɗi a ciki, kuma ta fi ƙarfi a tashoshi masu zaman kansu. GasBuddy manhajar duba farashi ce, ba ta san ko tirela za ta juya a wurin ba. Costco da Sam's Club suna da araha inda suke sayar da dizal, amma layinsu na masu zuwa cefane ne. Sai dai a ajiye tirela a masauki a je da mota ita kaɗai, kuma wannan dabara ce mai kyau a ko'ina, a cika tanki da yamma bayan an kwance tirela. Wasu tashoshin Flying J suna da layi na musamman domin masu tirelar gida a gaban gini, yana da amfani idan ba a tarar da ƙananan motoci sun cika shi ba.

Game da hanya kuwa, Google Maps ba shi da inda ake saka tsayi ko nauyin mota, saboda haka bai kamata ya zama jagora ba. Amfaninsa na gaskiya shi ne hoton sama da hoton titi, inda ake leƙa gidan mai a ga ƙofofinsa da yadda famfunansa suka jeru. Na'urar nuna hanya ta Garmin ta jerin RV, wato wadda aka yi domin masu tirelar gida, ita na fi amincewa da ita: ana saka mata tsayi, tsawo, faɗi, nauyi da bayanin tukunyar iskar girki, kuma taswirarta a cikinta take, ba ta dogara da sabis ɗin waya ba, wanda yakan ɗauke a hamadar Nevada da duwatsun Utah. Tsayin da za a saka mata shi ne wanda aka auna da hannu bayan an haɗa tirela da mota a ƙasa mai lebur, daga ƙasa zuwa saman na'urar sanyaya ɗaki, a ƙara masa 'yan inci; adadin da ke cikin takardar masana'anta bai san abin da aka ɗora daga baya ba. RV LIFE Trip Wizard ya fi dacewa da tsara tafiya a kwamfuta, domin yana zana da'irar nisan da mutum ya ƙayyade a kan taswira, amma ana biyan kuɗinsa duk shekara. Trucker Path na direbobin tirela ne, yana nuna tashoshi da yanayin wurin fakin. Kuma ko wacce aka zaɓa, littafin taswira na Rand McNally na manyan motoci, wanda ake sabuntawa kowace shekara, ya kamata ya zauna a mota, domin yana jera gajerun gadoji da hanyoyin da aka hana jiha bayan jiha.

Akwai wuraren da na'ura kan yi kuskure amma doka ba ta yafewa. Titunan da ake kira parkway a New York da Merritt Parkway a Connecticut an hana tirela bin su, kuma gadojinsu gajeru ne. Hanyoyin ƙarƙashin ruwa guda biyu na Baltimore sun hana wucewa da manyan tukwanen iskar girki, dole a zagaya ta titin zobe. A babbar hanyar I-70 tsakanin Salina da Green River a Utah akwai sama da mil 100 babu gidan mai ko ɗaya, tsakanin Ely da Tonopah a Nevada kuwa tazarar ta haura mil 160. A I-80 ta Wyoming iska takan sa a rufe hanya ga dogayen motoci marasa nauyi, kuma iskar gaba tana shan mai fiye da yadda lissafin gida ya nuna.

Sai maganar cuta, wadda ta fi kowacce muhimmanci a wurina. Ɓarayin kati suna dasa ƙaramar na'ura a ramin da ake saka kati a jikin famfo, wani lokaci a cikin famfon kansa inda ido ba ya gani, su kwashi lambobi su yi sayayya da su a wata jiha. An taɓa yi mini haka a wani gidan mai da ke gefen hanya, banki ya rufe katin muna tsakiyar tafiya, kuma sabo ba ya samun wanda ba shi da adireshin dindindin a wannan makon. Famfunan da suka fi nisa da idon mai shago su ne suka fi shiga hatsari. A girgiza bakin ramin kati a ji ko yana motsi, a duba ko an yage tambarin da ke kan ƙofar famfo, a rufe hannu yayin buga lamba, kuma inda akwai biya ta ɗora kati ko waya a kan allo, a yi amfani da shi. Kada a saka katin da ke cirar kuɗi daga babban asusu a famfo: ban da sata, ana iya riƙe har dala 175 na ɗan lokaci kafin a tantance ainihin kuɗin. A tafi da kati biyu na bankuna daban, kuma a yi rajistar katin rangwame ta shafin kamfanin kawai, ba ta mahaɗin da wani ya turo ba, tun da ana neman bayanan asusu da na shaidar mutum.

Launin hannun famfo ba shaida ba ce. A wurare da yawa kore na dizal ne, amma a gidajen man BP kore yakan zama na fetur, don haka rubutun jikin famfo ake karantawa. Bahaushen da ya saba kiran dizal gas ya kiyaye bakinsa a gaban mai karɓar kuɗi, domin a Amurka gas fetur ne. A yankunan noma ana sayar da jan dizal, wanda aka rina saboda ba a biya masa harajin hanya ba, harajin da na tarayya kaɗai santi 24.4 ne a galan. Arha ba ta ado a nan: na tarakta ne da janareta, kuma idan aka same shi a tankin motar hanya tarar tarayya dala 1,000 ce ko dala 10 a kowane galan, duk wanda ya fi yawa. A kuma duba alamar B5 ko B20 da ke nuna yawan man tsirrai da aka gauraya. Jihar Minnesota ta wajabta B20 a watannin zafi, kuma littafin mota ne zai faɗi abin da injin yake ɗauka.

Ruwan DEF shi ma ana algus a cikinsa. Na gaskiya kashi 32.5 cikin 100 sinadarin yuriya ne, sauran tataccen ruwa, kuma jarkarsa tana ɗauke da alamar tabbatar da inganci ta API da lambar ISO 22241. Jarkar da aka ɓalle hatiminta, ko wadda ta daɗe a rana a gaban shago, a bar ta ko da rabin kuɗi ce, domin akan samu wadda aka juye aka cika da ruwan famfo aka mayar kan kanta. Motar da ta ji gurɓataccen DEF takan rage gudunta da kanta har ta koma tafiyar ƙafa. Murfin tankinsa shuɗi ne, kuma a wasu motoci yana dab da na dizal. Idan hannu ya kuskure aka zuba shi ko fetur a tankin dizal, kada a murza makulli ko kaɗan, a kira motar ja ta kai wa makanike ya zubar da tankin gaba ɗaya. Rasit na kowane shan mai kuma a ajiye shi har sai an ƙone wannan tankin, domin shi ne hujjar da kamfanin inshora ko mai gidan man zai saurara idan ruwa ya bayyana a matatar mai.