CliftonStrengths a hannun manaja: abin da yake iya yi da inda ƙarfinsa ya tsaya

CliftonStrengths gwaji ne na intanet da kamfanin Gallup na Amurka yake sayarwa, kuma ma'aikatu da dama suna saya wa manajojinsu shi idan za a koya musu horar da na ƙasa da su. Don Clifton, masanin halayyar ɗan Adam da ya rasu a 2003, shi ya assasa shi, a da kuma StrengthsFinder ake kiransa. Tunanin Clifton shi ne ma'aikaci ya fi bunƙasa idan aka gina kan baiwarsa, maimakon a ƙare shekaru ana toshe rauninsa. Hukuncinmu tun daga nan: kaya ne mai kyau ga manajan da zai zauna da mutanensa, asarar kuɗi ne ga wanda zai karanta rahoto ya jefa a durowa.

Yin gwajin ba wuya. Ana nuna maka jimloli biyu a lokaci guda, ka zaɓi wadda ta fi kama da kai da kuma gwargwadon kamar, har sau fiye da 170, kowane zaɓi daƙiƙa 20. An taƙaita lokacin ne don kada mutum ya tsaya yana lissafin amsar da za ta burge shugabansa. A ware minti 45 ba waya ba baƙo. Wanda zai amsa da harshen da ba nasa ba ya duba jerin harsunan tukuna, domin daƙiƙa 20 tana iya ƙarewa yana kokawa da kalma ɗaya. Yawan laɓewa a tsakiya, wato ƙin karkata ga ɗaya daga jimlolin biyu, kuma yana sa sakamako ya fito ba kamanni.

Sakamakon jeri ne na baiwa 34 daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni, a rukuni huɗu: aiwatar da aiki, tasiri kan mutane, ƙulla dangantaka, da tsara dabara. Akwai ƙaramin rahoto na biyar ɗin farko, akwai cikakke. Ma'aikaci biyar ɗin sun ishe shi, amma manaja ya ɗauki cikakken, saboda na ƙasan jerin su ne ke nuna masa aikin da ya kamata ya nemi wani ya taya shi.

Babban amfaninsa shi ne yana ba manaja da ma'aikaci kalmomin da za su tattauna hali ba tare da wani ya ji an zage shi ba. Ɗauki manajan da baiwar Activator take samansa, mai son a fara yanzu-yanzu, ga ma'aikaciyarsa mai Deliberative, wadda sai ta auna kowane haɗari kafin ta ɗaga ƙafa. Shi yana ganin ta cika nawa, ita tana ganin ya cika garaje. Da rahoto a gabansu, maganar takan koma yarjejeniya: ya ba ta kwana biyu ta kawo haɗari uku mafi girma da maganin kowanne, ranar ta uku a fara. Wannan kaɗai ya biya wahalar gwajin.

Sai dai rahoton ba ya horar da kowa. Horarwar tana cikin zaman da zai biyo baya, kuma nan ne yawancin manajoji suke faɗuwa. Ga yadda zaman yake yin kyau. Ma'aikaci ya karanta rahotonsa tun kafin ranar, ya ja layi a ƙarƙashin jimlolin da ya yarda da su, ya sa alama a waɗanda bai yarda ba. A ware minti 30, a raba shi da zaman auna ƙwazo na shekara, don da zarar mutum ya ji ƙanshin maganar ƙarin girma zai daina faɗin gaskiya. Manaja ya fara da tambayar wane aiki ne a watan nan ya yi har bai san lokaci ya tafi ba. Sannan a ɗauki matsala guda ta gaske a bi ta da tsarin tambayoyi huɗu mai suna GROW da masanin horarwa John Whitmore ya yaɗa: me kake son cimmawa, ina kake yanzu, waɗanne hanyoyi ke gabanka, wacce za ka bi kuma yaushe. A tashi da mataki ɗaya da ranarsa, a sake haɗuwa bayan mako biyu. Idan manaja ya cinye fiye da sulusin lokacin yana magana, wa'azi ya yi, ba horarwa ba. Shirun da ke biyo bayan tambaya ne yake tsorata manajoji, sai su yi wuf su amsa da kansu.

Aibobinsa ba a ɓoye suke ba. Mutum ne yake siffanta kansa, don haka wanda bai san kansa ba, hoton wanda yake fatan zama zai samu. Jerin kuma na cikin mutum ɗaya ne: baiwar da ta zo ta ɗaya a wajen wani ba ta nufin ya fi wanda ta zo masa ta takwas iyawa. Shi ya sa Gallup da kansa ba ya ba da shawarar a ɗauki ma'aikata da shi, kuma abin takaici ne a ga ana hana mutum shugabanci wai rukunin tasiri bai fito a samansa ba.

Mafi muni shi ne a mayar da shi uzuri. Manaja mai Command, baiwar riƙe ragama da ba da umarni, ya tsawata wa mutum a gaban jama'a ya ce baiwarsa ce, ko ma'aikaci ya ƙi kawo rahoto a kan lokaci ya ce Discipline, baiwar bin tsari, tana ƙasan jerinsa. Baiwar da aka sake mata linzami ita ce take zama matsala, kuma manaja ba zai gano hakan daga amsoshin kansa ba. Don haka a haɗa gwajin da jin ra'ayin na sama da shi, abokan aikinsa da na ƙasa da shi, ba tare da an rubuta sunaye ba, a sake jin su bayan wata shida a ga ko wani abu ya sauya.