Sandunan ƙarfe na hanyar fitsari: tauraro ɗaya na ba su

Ba magana ce da ake yi a fili ba, amma akwai manya da ke sayen sandunan ƙarfen nan da ake zurawa a hanyar fitsari don jin daɗi, gara su ji daga bakin wanda ya saya.

A ido kayan ba laifi, ƙarfen sai ƙyalli yake, an kuma rubuta wai irin na asibiti ne. Amma ko 'yar takarda babu a akwatin da ke bayanin yadda ake kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsu, kuma bakin ɗaya yana da kaushin da sai ka bi da farce za ka ji. Shi ya karce ni. Fitsari ya koma kamar wuta, ga ɗigon jini, can sai zazzaɓi da rawar sanyi suka rufe ni.

Likitan mafitsara da ya duba ni bai yi min kallon banza ba, Allah ya saka masa da alheri. Ya sa aka gwada fitsarin, ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ce in zazzaɓi ya shigo ba a zama a gida, domin cutar na iya hawa ƙoda ko ta shiga jini. A wurinsa na ji cewa sandunan samfurin Hegar ne, waɗanda asali don buɗe bakin mahaifa aka ƙera su. Gajeru ne, ba su da abin da zai tare su, alhali hanyar fitsarin namiji ta kai kusan santimita 20, ga lanƙwasa. In sanda ta sulluɓe ciki, sai an shiga da na'urar leƙa mafitsara a ciro ta. Mai sayarwa bai ambaci ko ɗaya ba.

Da na samu sauƙi na so in yi masa uzuri, tunda ƙarfe mai santsi ya fi biro ko waya da wasu ke kasadar cusawa. Sai na tuna man da ya haɗa a akwatin mai kashe zafi ne, ko kana ji wa kanka ciwo ba za ka sani ba. Ga tabon karcewar da ka iya tsuke hanyar fitsari bayan watanni, har yau ina lura da ƙarfin fitsarina cikin fargaba. Na rubuta masa duk wannan, amsarsa kawai ita ce ba a mayar da irin wannan kaya.