Zare Fis ko Auna Shi a Mazauninsa: Wanne Ya Fi Gano Abin da Ke Shan Batir?

Malam, ka ce motarka takan ƙi tashi idan ta kwana biyu a ajiye duk da sabon batir da ka sayo a Ƙofar Ruwa, kuma masu wayarin biyu sun saɓa: ɗaya zai zare fis ɗaya bayan ɗaya, ɗayan kuwa zai auna su a mazauninsu.

Kafin komai a tabbatar batir yana nuna volt 12.6 idan mota tana kashe, da kimanin 14 idan inji yana aiki, domin kada a ɗora wa waya laifin altaneta, wato na'urar da ke cajin batir.

A hanyar farko, ana cire wayar nagetif, a haɗa mitar auna wuta tsakaninta da kan batir a ma'aunin amfiya 10, sannan a jira kamar minti talatin zuwa sa'a guda har na'urorin motar su yi barci. Mota lafiyayya ba ta cika jan fiye da miliamfiya 50 (amfiya 0.05) ba idan tana kashe. Idan ta wuce, sai a riƙa zare fis har adadin ya faɗi. Cikin hanyoyin biyu, wannan ce kaɗai ke nuna jimillar wutar da ke zuba, amma a motocin zamani mayar da fis yakan farkar da kwamfutar mota, a koma jira daga farko, kuma wanda ya yi kuskuren tayar da inji zai ƙona fis ɗin mitar.

A hanya ta biyu ba a cire komai. Ana sa mita a ma'aunin milivolt, a taɓa ƙananan ƙarafa biyu da ke saman kowane fis. Wanda ya nuna sama da sifili, wuta tana bi ta cikinsa. Wannan hanyar ba ta tayar da na'ura, sai dai ba ta ganin abin da bai bi ta akwatin fis ba, kamar diyod ɗin altaneta (abin da ke hana wuta komawa baya) da ya lalace, ko rediyo da na'urar bin sawun mota da aka jona kai tsaye da batir.

A ganina, tsohuwar mota irin Golf ta wadatu da hanyar farko. Idan taka ta zamani ce, a fara da hanyar farko don tabbatar da zubar, a bar mitar a haɗe, sannan a nemo layin ta hanya ta biyu da wata mitar. Kuma a leƙa fitilar but, domin ƙwan wat 5 yana jan kusan amfiya 0.4, wato kusan amfiya-awa 10 kowace rana daga batir mai 60.