Maganin kyauta ne yaya, amma bari ka ji

Salamu alaikum yaya, ya su Inna, ya zafin Damagaram. Ka tambaye ni wai da gaske asibiti kyauta ne a nan Faransa, to bari in ba ka amsa da labarin yaron nan ɗan wajen Matamaye da muke ɗaki ɗaya.

Hukumomin Faransa sun tsare shi a inda ake ajiye marasa takarda, doka ta ba su har kwana 90, shi wata biyu ya yi suka sake shi, kuma kafin nan ya sha kurkukun Libiya. Muna ta barka ya fito ashe lokacin ne ciwon ya taso, ba barci, abinci sai an matsa, in ya ji ƙarar makulli jikinsa ya hau rawa. Ran nan cikin dare ya ce min ya gaji da duniya gara ya huta, wallahi yaya sai da hantar cikina ta kaɗa. Akwai lamba 3114 da suka buɗe a 2021 don masu tunanin kashe kansu, kyauta ce dare da rana, na kira wata mata ta saurare mu ba gaggawa ba tsawa, sai dai da Faransanci ne shi kuma bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, ni na zama tafinta, ka ga akwai abin da ba zai faɗa a gabana ba.

Likitan ƙwaƙwalwa na unguwa ba ka biyan ko dala, amma randebu sai da muka jira sati bakwai, mai neman mafaka kuma sai ya cika wata 3 a ƙasar kafin a ba shi katin lafiya.

A gida ka san yadda muke, a ce aljanu ne ko sammu, a yi rubutu a yi hayaƙi, in ya ƙi a ɗauki hanyar Yamai kusan kilomita 900, ordonans kuma, wato maganin da likita ya rubuta, daga aljihunka. Wannan kam Faransa sun fi mu nesa ba kusa ba. Amma a unguwar Zango can Damagaram wa zai bar mutum kwana uku a ɗaki ba a leƙa shi ba? Ko 'yan fada sai sun jawo shi shan shayi. Nan in na tafi aiki daga shi sai bango.

Yanzu yana shan magani, barci ya fara dawowa alhamdulillahi. Don Allah yaya ran kasuwa ka biya wajen mahaifiyarsa, ta riƙa kiransa ko sau ɗaya a sati, kuma a bar masa maganar aiko kuɗi tukuna.