Hattara da safar hannu ta jabu da ake cewa "ta hannun babur mai ɗumi ce"

'Yan uwa mahaya babur, wannan gargaɗi ne ga duk wanda ya sa wa babur ɗinsa hannu mai ɗumi, wato mariƙin da lantarki ke ɗumamawa, kuma yake neman safar da zai hau da ita a lokacin sanyi. Da zarar hunturu ya kama, tallace-tallace sai su cika Facebook da Instagram: hoton safa mai kyau, tambarin sanannen kamfani, ragi mai ban mamaki, da agogo yana ƙirga sauran mintunan da garaɓasar za ta ƙare. A ƙasa an rubuta cewa an ƙera ta musamman don hannu mai ɗumi. Wannan jimlar ita ce tarkon, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta.

Hannu mai ɗumi tafi da cikin yatsu kaɗai yake ɗumamawa. Bayan hannu, da babban yatsa, da yatsun da ke kan birki da kuloci, duk iska ce ke dukansu. Idan ma'aunin zafi yana kan sifili kana gudun kilomita 100 a awa, sanyin da fata ke ji ya kai kusan digiri 11 ƙasa da sifili. Shi ya sa safar da ta dace take da tafi marar kauri don ɗumi ya ratso, bayanta kuma a cike da abin tare sanyi irin su Thinsulate ko PrimaLoft. Kamfanonin gaske haka suke yi. Macuta kuwa sai suka samu mafaka: su ɗinka safa da ƙyalle marar ƙwari, tafin babu komai, in ka yi ƙorafi su ce ai da gangan aka yi shi siriri. Su rage wa kansu kuɗin kaya, su sayar maka da rashin a matsayin fasaha.

Siririn tafi na gaske fata ce mai ƙarfi, galibi ta akuya, an ninka ta a gindin tafi, wurin da mutum ke fara dafa kwalta idan ya faɗi. Na jabu ƙyalle ne aka shafa wa roba, in ka kankare shi da farce sai ya ɓare. Danna garkuwar gaɓoɓin yatsu da babban yatsanka: ta jabu lotsawa take yi, ƙarƙashinta babu ko soso. Ja ɗinkin tsakanin yatsu ka ga zaren yana buɗe baki. Sannan ka sa hannu mai ɗan danshi ka zare. Idan shafin ciki ya biyo yatsunka waje, to mayar da shi sai an yi da gaske, kuma a bakin hanya cikin sanyi za ka yi wannan faman.

Abin da ya fi saurin tona asirinsu shi ne ɗan ƙyallen bayani da ke ɗinke a ciki. Tun Afrilun 2018 dokar Tarayyar Turai mai lamba 2016/425 ta fara aiki a kan kayan kare jiki, kuma ma'aunin safar babur shi ne EN 13594:2015. Safar da ta ci wannan gwaji tana ɗauke da ɗan zanen mutum a kan babur, da lambar ma'aunin, da mataki 1 ko 2. Idan an gwada garkuwar gaɓoɓi za ka ga KP. A gwajin gurzawa, mataki na 1 sai ya jure daƙiƙa 4, na 2 kuma daƙiƙa 8. 'Yan jabu haruffan CE, alamar cika ƙa'idar Turai, kawai suke bugawa manya-manya, ba lamba ba mataki, don sun san yawancinmu nan idonmu ke tsayawa. Wasu ma lambar EN 388 suke sawa, wadda ta safar ma'aikata ce, ba ruwanta da faɗuwa daga babur. Ka ce mai sayarwa ya turo hoton ƙyallen da takardar shaidar cika ƙa'ida ta wannan samfurin. Mai kayan gaske ba ya jin nauyin haka. Maƙaryaci sai ya fara ba ka labarin yawan waɗanda suka saya suka yaba.

Batun ruwa ma akwai abin lura. Shimfiɗar hana shigar ruwa irin Gore-Tex tana fitar da gumi ne daga ɓangaren da ya fi ɗumi zuwa wanda ya fi sanyi. Idan ka ƙure zafin hannun babur cikin ruwan sama, wajen safar ya fi cikinta zafi, sai danshi ya juyo ciki. Ko safa mai tsada tana iya yin haka, maganinsa rage zafin. To wanda ya rantse maka cewa tasa ba ta taɓa jiƙewa ko a ƙure zafi, ko dai bai san kayan ba, ko leda ya cusa a ciki. Leda kuwa gumi take tarawa, hannu ya jiƙe, ya sandare, ka nemi birki yatsu su ƙi lanƙwasuwa.

Wasu shagunan ko jabun ba za su aiko ba. Kafin ka biya, saka hoton a Google Lens ka ga daga inda aka sato shi, ka duba WHOIS ka ga ranar da aka yi rajistar shafin; shagon da ke ikirarin shekaru amma rajistar shafinsa ta watan jiya ce, ka bar shi. Ka leƙa shafin kamfanin da aka sa tambarinsa, mafi yawansu suna da jerin dillalansu. Kada ka yarda da tura kuɗi kai-tsaye ta banki ko kirifto. Ka biya da kati ko PayPal, inda kake da damar shigar da ƙorafi. Idan mai shagon ya ce ka zaɓi hanyar turawa ta 'yan uwa da abokai a PayPal wai don a kauce wa caji, ka sani wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye ko kaɗan, kuma saboda haka ya zaɓa maka ita.