Kayan gwajin Griess na kamfanin Cayman Chemical: me suke iya faɗa game da nitrik oksaid na hanji bayan zubar jini?

Idan jini ya zuba da yawa, jiki kan ƙuntata wa hanji don ya ceci zuciya da ƙwaƙwalwa. A wannan hali nitrik oksaid, wata iska da jiki ke samarwa, fuska biyu gare shi. Ɗan kaɗan da enzayim eNOS ke samarwa shi ke buɗe ƙananan jijiyoyi, ya hana bangon hanji mutuwa. Amma bayan wasu sa'o'i, musamman an mayar da jini ko an ɗaura ruwa, sai wani enzayim, iNOS, ya farka ya yi ta kwararo shi. Rarar ta haɗu da sufa'oksaid, wani nau'in oksijin mai ɓarna, ta zama guba mai cin bangon hanji, jijiyoyi kuma su daina jin maganin ɗaga matsin jini. Mai bincike a kan ɓeraye dole ya auna wannan iskar, ga shi kuwa cikin daƙiƙu take ɓacewa. Sai dai a bi sawunta, wato naitirait da naitiret da take bari.

Aikin kayan ke nan, kuma suna yin sa da kyau. Hanyar ta samo asali ne daga masanin sinadarai Peter Griess a 1879. Ana amfani da faranti mai ramuka 96: samfuri har maikrolita 80 a kowane rami, a ƙara maikrolita 10 na abokin aikin enzayim da 10 na enzayim ɗin da ke mayar da naitiret naitirait. Niƙaƙƙen nama da ruwan jini sai sun yi awa uku a rufe. Daga nan a zuba maikrolita 50 na ruwan Griess na farko, nan take a bi da 50 na biyu, a jira minti 10, launin shunayya ya fito, a karanta a nanomita 540. Abin da ya fi burge mu shi ne matakin mayar da naitiret. Kayan da ba su da shi rabin labari suke bayarwa, domin a cikin jini yawancin sawun naitiret ne.

Inda ake tuntuɓe shi ne shirya samfuri, kuma hanjin da ya sha wannan wahala ya fi kowane nama rigima. Yakan cika da jini, himogulobin, mai ba jini launin ja, kuma yana shan haske daidai wurin da ake karanta launin. Rami ya yi ja-ja tun ba a zuba komai ba, lamba ta hau, mutum ya ɗauka iNOS ne. Don haka a wanke cikin hanjin da ruwan gishiri mai sanyi, a niƙa shi kan ƙanƙara, a wulwula a na'ura, sannan a tace da matata mai kilodalton 10 ko 30. Matatar ma a ɗauraye ta da tsabtataccen ruwa tukuna. Wanke cikin hanjin ba zaɓi ba ne: abincin dabba na ɗauke da naitiret, ƙwayoyin cutar hanji kuma suna sarrafa shi. Hefarin, maganin hana jini daskarewa, ma kan sa ruwan jini ya yi gudaji idan an zuba ruwan Griess.

Sakamakon ruwan jini yana buƙatar taka-tsantsan. Ƙoda na ja baya idan matsin jini ya faɗi zuwa 35 ko 40 a ma'aunin mmHg, naitiret ya taru ba don an ƙara samar da shi ba, ruwan da aka ɗaura kuma ya tsarma shi. Awon nama, a raba da miligiram na furotin, ya fi gaskiya.

Iyakar kayan biyu ce. Ƙasa da maikromola biyu da rabi a kowace lita ba sa gani, saboda haka naitirait kaɗai na jini ya fi ƙarfinsu. Sannan jimla suke bayarwa, ba sa bambance na eNOS mai kariya da na iNOS mai ɓarna. Wanda ke son wannan amsar sai ya ɗebi samfuri a lokuta daban-daban, ya auna furotin na iNOS, ya kuma kwatanta da rukunin da aka ba aminoguwanidin, mai toshe iNOS fiye da eNOS. Enzayim ɗin da ke cikin kayan kuwa a ajiye shi a digiri 20 ƙasa da sifili, kada a yi ta narkarwa ana daskararwa.